Filin Jirgin Saman Madeira: Me Ya Sa Iska Ke Hana Jirage Sauka, Kuma Wa Ke Ɗaukar Asarar?

Duk lokacin da iska ta tsananta a gabashin tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, labari kusan iri ɗaya ne ke fitowa: an soke tashin jirage da dama, wasu sun yi ta shawagi a sama har man da suka tanada domin jira ya yi ƙasa suka juya, fasinjoji kuma sun kwana a kan kujeru da daɓen filin jirgi. Abin da ke ɗaure wa mai karatu kai shi ne, sau da yawa hotunan da ke rakiyar irin wannan labari suna nuna gari garau, babu hadari, babu ruwan sama. Wanda ya saba jin an dakatar da sauka a Kano ko Kaduna saboda hazon hunturu ya san dalilin a fili yake, domin matuƙi ba ya hangen titi. A Madeira kuwa matuƙin yana ganin titin sarai, amma doka ta hana shi sauka a kansa.

Yawancin masu karatu sun san wannan fili ne ta hanyoyi biyu: sunan Cristiano Ronaldo da aka raɗa masa a watan Maris na 2017, kasancewar ɗan wasan haifaffen Funchal ne, babban birnin tsibirin, da kuma bidiyoyin jirage suna tangal-tangal gab da sauka waɗanda ake yaɗawa a YouTube da Facebook. Bayan waɗannan akwai wata muhawara da aka daɗe ana yi tsakanin gwamnatin tsibirin, da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Fotugal, da kamfanonin jirage, a kan dokar da ta ƙayyade ƙarfin iskar da za a iya sauka a cikinta.

Tsibirin da ƙofarsa ɗaya ce

Madeira yana cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 700 yamma da gaɓar Maroko, kuma kusan kilomita 1,000 daga Lisbon. Tsawonsa kilomita 57 ne daga gabas zuwa yamma, faɗinsa kuma bai wuce kilomita 22 ba, sai dai a cikin wannan ɗan faɗin ƙasa ta tashi daga bakin teku har zuwa ƙololuwar Pico Ruivo mai tsayin sama da mita 1,860. Aman wuta na dutse ne ya haifar da tsibirin, saboda haka kusan ko'ina gangare ne da kwazazzabai, shimfiɗaɗɗen fili kuwa sai an nema. Mutanen yankin sun kai kimanin 250,000 bisa ƙidayar 2021, kuma tun 1976 suna da gwamnati da majalisar kansu a ƙarƙashin Fotugal.

Yawon buɗe ido shi ne ƙashin bayan tattalin arzikinsu, domin yana samar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar yankin. Baƙi daga Birtaniya da Jamus da babban yankin Fotugal suna zuwa saboda sanyin yanayi, da hawan tsaunuka, da bin tsoffin magudanan ruwa da aka sassaƙa a jikin duwatsu, da dajin Laurissilva wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1999. A 2023 fasinjojin da suka bi ta filin jirgin sun haura miliyan 4.

Babban abin lura shi ne, babu jirgin ruwan fasinja da ke zirga-zirga ta yau da kullum tsakanin Madeira da babban yankin ƙasar. An taɓa samun irinsa daga Portimão tsakanin 2008 da 2012, aka sake gwadawa a lokacin zafi na 2018 da 2019, bai ɗore ba. Kayan masarufi suna shigowa ta tashar ruwa ta Caniçal, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa kuma suna yada zango a Funchal, amma mutumin da ke son zuwa asibiti ko jami'a ko jana'iza a Lisbon ba shi da hanya sai titin jirgi guda ɗaya da ke Santa Cruz, kimanin kilomita 13 gabas da Funchal.

Kalmomi huɗu da ya kamata a bambance

Ana yawan cakuɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalmar "iska mai ƙarfi", alhali ƙarfin iska shi kaɗai ba ya hana jirgi sauka. Hasali ma jirage suna tashi suna sauka ne suna fuskantar iska, domin iskar da ke bugun goshin jirgi tana taimaka wa fikafikai ɗaukar nauyinsa, tana kuma rage tsawon titin da yake bukata.

Iskar gefe ita ce wadda ke ratsa titi a karkace tana tura jirgi dama ko hagu. Kowane samfurin jirgi yana da gwargwadon abin da aka gwada shi a kai, kuma matuƙa suna da dabarun sauka a cikinta. Sauyin iska na bazata kuwa shi ne iska ta canja gudu ko alƙibla a cikin ɗan taƙi, ta yadda jirgin da ke fuskantar iska a wannan daƙiƙa zai iya samun kansa iska tana binsa ta baya a daƙiƙa ta gaba. Idan haka ta faru, ƙarfin da ke riƙe da jirgi a sama yana raguwa nan take, kuma idan saura mitoci kaɗan ya taɓa ƙasa, lokacin gyara ƙalilan ne. Gargadar iska ita ce jijjigar da ake ji idan iska ta hargitse tana juyi. Na huɗu shi ne iyakar iska, wato adadin da hukuma ta rubuta cewa idan na'urar aunawa ta nuna an wuce shi, babu sauka ko tashi.

Matsalar Madeira ta fi shafar na biyu da na uku, kuma tushenta shi ne siffar ƙasar. Iskar da ta fi kaɗawa a wannan yanki na teku daga arewa da arewa maso gabas take zuwa, filin jirgin kuma yana gaɓar kudu maso gabas, a bayan tsaunuka. Kamar yadda ruwan rafi ke rabuwa idan ya ci karo da dutse, ya koma yana murɗawa a bayansa, haka iska ke hawa tsaunukan, ta gangaro ta cikin kwazazzabai irin na Machico, ta iso kan titin a hargitse. Wannan ne ya sa na'urori biyu da ke kusa da juna a filin za su iya nuna alƙibla mabambanta a lokaci guda. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wannan iska ta arewa tana yin ƙarfi a watannin zafi, daidai lokacin da baƙi suka fi yawa.

Hanyar sauka ma ba miƙaƙƙiya ba ce. Titin ya shimfiɗu ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, kuma idan za a sauka ana fuskantar arewa maso gabas, wanda shi ne aka fi yi, tuddai ba sa barin jirgi ya miƙo daga nesa. Sai ya biyo ta kan teku ya wuce filin, ya yi kwana ta dama kusan rabin da'ira yana bin jikin tsauni, sannan ya daidaita da titin gab da sauka. Saboda haka hukuma ta wajabta cewa kyaftin ɗin da zai sauka a nan ya kasance ya yi aƙalla awa 200 yana jagorantar irin wannan samfurin jirgi, ya kuma samu horo na musamman a kan filin, ko a zahiri ko a na'urar kwaikwayon tuƙi.

Daga mita 1,600 zuwa titi a kan ginshiƙai

Kafin a gina filin, jiragen da ke sauka a kan ruwa ne suke kawo baƙi daga Southampton ta Ingila, daga 1949 zuwa 1958. A 1960 aka buɗe filin jirgi a Porto Santo, ƙaramin tsibiri maƙwabci mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai a 1964 Madeira ya samu nasa, da titi mai tsawon mita 1,600 kacal, teku a gefe guda, tsauni a ɗaya gefen, gangare kuma a ƙarshensa biyu.

Ranar 19 ga Nuwamba, 1977, jirgin kamfanin TAP na Fotugal ƙirar Boeing 727 da ya taso daga Brussels ya biyo ta Lisbon ya yi yunƙurin sauka karo na uku cikin ruwan sama da duhun dare. Ya taɓa ƙasa bayan ya riga ya bar wani babban ɓangare na titin a baya, titin kuma a jiƙe, bai samu tsayawa ba har ya zarce ƙarshe ya faɗa gangare, ya daki wata gadar dutse ya kama da wuta. Mutum 131 daga cikin 164 suka rasu. Wata guda bayan haka, ranar 18 ga Disamba, wani jirgin haya ƙirar Caravelle na wani kamfanin Suwizalan ya faɗa teku yana shirin sauka, mutum 36 suka mutu. Waɗannan haɗurra biyu sun sauya yadda Fotugal ke kallon filin har zuwa yau.

An ƙara mita 200 a aikin da aka kammala a 1986, titin ya zama mita 1,800, amma hakan bai isa manyan jirage ba. Cike teku da ƙasa bai yiwu ba saboda zurfi da tsayin gaɓar, sai injiniyoyi suka zaɓi su ɗora ƙarin titin a kan dandamalin kankare mai tsawon kusan kilomita ɗaya, wanda ginshiƙai 180 ke riƙe da shi kusan mita 60 sama da matakin teku. An buɗe shi a shekarar 2000, tsawon titin ya kai mita 2,781. Aikin ya ci sama da Yuro miliyan 500, Tarayyar Turai ta ba da kaso mai tsoka, kuma a 2004 ƙungiyar injiniyoyin gadoji da gine-gine ta duniya ta ba shi lambar yabo. A ƙarƙashin dandamalin yanzu akwai wuraren wasanni da na ajiye motoci da kwale-kwale.

Tsawaita titin ya magance matsalar da ta haddasa haɗarin TAP, wato ƙarancin wurin tsayawa. Bai taɓa tsaunukan ba, bai kuma sauya hanyar iska ba, kuma a nan ne muhawarar yau ta samo asali.

Dokar iyakar iska da masu jayayya a kanta

A mafi yawan filayen jiragen sama na duniya, hasumiya tana sanar da matuƙi ƙarfin iska da alƙiblarta, shi kuma ya yanke shawara bisa ƙa'idar kamfaninsa da abin da jirginsa zai iya ɗauka. A Madeira abin ya sha bamban, domin hukumar ANAC, mai kula da sufurin jiragen sama a Fotugal, ta mayar da iyakokin wajibi. Ana auna iska da mil na teku a awa, kowane mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.852. Idan iska ta fito daga tsakanin arewa maso yamma da arewa, wato ta kan tsaunuka, iyakar sauka ita ce matsakaicin mil 15 cikin minti biyu, kimanin kilomita 28 a awa, bugunta mafi ƙarfi kuma kada ya wuce mil 25. Idan ta karkata zuwa arewa maso gabas, inda ta fi fuskantar titin, iyakar tana hawa zuwa mil 20, bugu kuma mil 30. Jiragen zamani suna sauka a iskar gefe da ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba a wasu filayen, abin da ya sa adadin ke ba mutane mamaki.

Gwamnatin yankin, wadda Miguel Albuquerque ke jagoranta tun 2015, tare da masu otal-otal da kamfanonin yawon buɗe ido, suna ganin dokar ta tsufa. Hujjarsu ita ce an tsara iyakokin a 1964 bisa gwajin da aka yi da jirgin DC-3, samfurin zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da titin yake mita 1,600. Tun daga lokacin an kusan ninka tsawon titin, injina da birki da na'urorin jirage sun sauya gaba ɗaya, horon matuƙa ya inganta, amma lambobin suna nan inda aka bar su. Suna kuma kafa hujja da ƙididdigar da jami'ai ke ambata cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na jiragen da ake karkatarwa saboda iska, iskar ba ta wuce iyaka da fiye da mil 3 ba. A ganinsu, ɗan ƙarin sassauci, ko kuma mayar da iyakokin shawara maimakon wajibi, zai kawar da mafi yawan tsaikon.

Masu goyon bayan a bar dokar yadda take suna da nasu dalilan masu nauyi. Na farko, adadin da na'urar ƙasa ke nunawa alama ce kawai ta abin da ke faruwa a sararin da jirgi zai ratsa, domin an zaɓi mil 15 ne saboda daga wannan mataki iskar da ta tsallako tsauni ke fara hargitsewa, kuma sabon jirgi ba ya hana iska hargitsewa. Kwatanta wannan adadi da iskar gefen da jirgi ke jurewa a shimfiɗaɗɗen fili kwatanta abubuwa biyu ne da ba ɗaya ba. Na biyu, doka ta wajibi tana sauke wa matuƙi nauyi. Kyaftin ɗin da ya san karkatar da jirgi zai jawo wa kamfaninsa asarar kuɗi mai yawa, ga fasinjoji kusan 180 a bayansa suna son isa, ga wani jirgin da ya sauka minti goma da suka wuce, yana cikin matsin lamba ko da ba wanda ya ce masa uffan. Idan doka ce ta hana, babu mai tuhumarsa. Na uku, tun 1977 babu wani babban jirgin fasinja da ya yi haɗarin da ya ci rayuka a filin, kuma hukuma ba ta son sauya tsarin da ya daɗe yana aiki sai da hujjar kimiyya a hannu.

Kowane ɓangare yana da rauni a hujjarsa. Haɗarin 1977, wanda ake yawan ambata idan ana kare dokar, ruwan sama da gajeren titi da saukar da aka yi a makare ne suka haddasa shi, saboda haka ba shi ne shaidar cewa mil 15 daidai ne ba. Ita kuma ƙididdigar kashi 80 tana nuna yawan jiragen da za su amfana idan an ɗaga iyaka, amma ba ta ce komai a kan ko saukarsu za ta kasance lafiya ba. Bugu da ƙari, duk inda aka ja layi, mafi yawan waɗanda suka tsallake shi za su kasance kusa da shi ne, domin matsakaiciyar iska ta fi mai tsanani yawan aukuwa. Ko an mayar da iyakar mil 18, za a sake samun jiragen da suka kuskure sauka da mil ɗaya ko biyu.

Abin da sabbin na'urori za su iya yi

Shekaru da yawa ɓangarorin biyu suna jayayya ne ba tare da cikakken ma'aunin abin da ke faruwa a sararin filin ba, domin na'urorin da ake dogaro da su 'yan ƙalilan ne, an kafa su a ƙasa, suna auna iska a inda suke tsaye kawai. A watan Disamba na 2024 kamfanin NAV Portugal, mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasar, ya ƙaddamar da wani tsari mai suna MAD Winds wanda ya ci kimanin Yuro miliyan 3.5. Tsarin ya haɗa na'urar rada da wata na'ura mai harba hasken leza cikin iska. Hasken yana dukan ƙura da ƙananan ɓurɓushin da iska ke ɗauke da su ya dawo, daga nan kwamfuta ta lissafa gudun iska da alƙiblarta a nisan kilomitoci da dama. Lezar ta fi aiki idan gari ya yi garau, radar kuma idan ana ruwa, shi ya sa aka haɗa su. An ware shekara guda domin gwaji da tattara bayanai.

Amfanin tsarin iri biyu ne. Na kusa shi ne hasumiya za ta iya gargaɗin matuƙi cewa akwai sauyin iska a wuri kaza a kan hanyarsa, ta kuma hango lokacin da iska za ta lafa na ɗan lokaci, a yi amfani da shi a sauke jiragen da ke jira. Na nesa shi ne bayanan da aka tara za su nuna ko lallai mil 15 a ƙasa yana nufin haɗari a sama a kowane lokaci, ko kuwa a wasu alƙiblu ne kawai. Ikon sauya dokar yana hannun ANAC, kuma babu tabbacin cewa bayanan za su goyi bayan sassauci ta kowace fuska, domin na'urar da za ta iya nuna cewa wata iyaka ta yi tsauri, ita ce kuma za ta iya nuna cewa wata ta yi sako-sako.

Darasin tsibirin Saint Helena da ke kudancin Atlantika yana nuna tsadar rashin auna iska tun da wuri. Birtaniya ta kashe kimanin fam miliyan 285 wajen gina fili a can, sai a 2016 da jirgin gwaji ƙirar Boeing 737 ya zo aka tabbatar da tsananin sauyin iska a bakin titin, aka ɗage fara jigilar fasinja har zuwa Oktoban 2017, da ƙaramin jirgi ƙirar Embraer.

Porto Santo: mafita a takarda

Mai duba taswira zai ce ai maganin yana kusa, tunda Porto Santo bai wuce kilomita 45 daga Madeira ba, titinsa kuma mita 3,000 ne, babu tsaunukan da ke hargitsa iska kamar na maƙwabcinsa. Ana kuwa karkatar da jirage can, musamman idan ana sa ran iska za ta lafa cikin awa ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce tsibirin mutum kimanin 5,000 ne ke zaune a cikinsa, wurin ajiye jirage da zauren fasinja ƙanana ne, otal-otal ɗinsa kuma a cike suke a lokacin zafi. Jirgin ruwan Lobo Marinho da ke haɗa tsibiran biyu yana ɗaukar kimanin awa biyu da rabi, an tsara shi ne domin zirga-zirgarsa ta yau da kullum, kuma iskar da ta hana jirgin sama sauka takan tayar da igiyar ruwa. Saboda haka jirage da yawa sukan wuce tsibiran Kanari na Sifaniya, ko su koma Lisbon, Porto ko Faro, wasu ma su koma inda suka taso bayan tafiyar awa huɗu.

An daɗe ana maganar tsarin ko-ta-kwana da zai mayar da Porto Santo cikakken madadi, da faɗaɗa filinsa da tanadin jirgin ruwa mai sauri. Abin da ke kawo cikas shi ne wa zai biya kuɗin kayan aikin da za a yi amfani da su kwanaki ƙalilan a shekara: gwamnatin tsakiya, ko ta yankin, ko kamfanin ANA mai gudanar da filayen biyu, wanda kamfanin VINCI na Faransa ya saya a 2013, ko kuwa kamfanonin jirage waɗanda kowannensu ya fi son mayar da jirginsa sansaninsa domin kada jadawalin gobe ya rushe.

Yadda abin ke shafar jama'a

Ga baƙo, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ita ce madogara. Ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, idan an soke jirgi ko ya yi dogon jinkiri, amma ta keɓe yanayin da ya fi ƙarfin kamfani, kuma iska tana ciki. Ma'ana, wanda iska ta hana tafiya ba shi da diyyar kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sauran haƙƙoƙin ba sa faɗuwa: dole kamfani ya ba fasinja zaɓi tsakanin mayar masa da kuɗinsa ko sauya masa jirgi, ya kuma ɗauki nauyin abinci da masauki har ya tafi. Kotun Tarayyar Turai ta tabbatar a 2013, a shari'ar da ta biyo bayan tokar aman wutar dutse a Aisland da ta tsayar da jirage a 2010, cewa wannan nauyi ba shi da wa'adi. A aikace, idan jirage suna cike a watan Agusta, fasinjan da aka soke wa tafiya zai iya jiran kwanaki kafin a samu gurbi, ɗakin otal kuma ya yi wuya. Kamfanoni suna lissafa wannan kasada tun kafin su buɗe hanya, kuma tana shiga cikin farashin tikiti.

Ga ɗan tsibiri lamarin ya fi zurfi, domin shi ba hutu ya je yi ba. Majinyacin da aka tura asibitin ƙwararru a Lisbon, da ɗalibin da ke da jarrabawa a Porto ko Coimbra, da ma'aikacin da aka kira ganawar ɗaukar aiki, duk suna tafiya ne da sanin cewa ranar da suka zaɓa ba ta da tabbas, shi ya sa da yawa ke tashi kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci, su biya masauki daga aljihunsu. Hatta gasar ƙwallon ƙafa ta Fotugal takan ɗage wasa idan ƙungiyar da za ta kara da Nacional ko Marítimo, ƙungiyoyin tsibirin, ta kasa sauka.

Domin rage wa mazauna tsadar tikiti, gwamnatin tsakiya ta ɓullo da tallafin zirga-zirga a 2015, inda mazauni ke ɗaukar Yuro 86 na zuwa da dawowa babban yankin ƙasar, ɗalibi kuma Yuro 65, gwamnati ta biya ragowar muddin tikitin bai wuce Yuro 400 ba. A 2025 an rage kason zuwa Yuro 79 da 59. Ƙorafin da aka daɗe ana yi shi ne, a tsarin da aka fara da shi sai mutum ya biya cikakken kuɗin tukuna, ya yi tafiyar, sannan ya kai takardu gidan waya a mayar masa, abin da ke yi wa iyali mai ƙaramin ƙarfi nauyi idan mutum uku ko huɗu za su yi tafiya tare. Masu suka suna ƙarawa da cewa tunda gwamnati ce ke biyan abin da ya haura, kamfanoni ba su da dalilin rage farashi a lokutan bukukuwa, kamfanonin kuma suna cewa yawan masu nema ne ke ɗaga shi. Tallafin dai farashi yake sauƙaƙawa, ba ya biyan kwanakin da mutum ya yi a maƙale.

Yawan baƙi shi ma ya sauya girman matsalar. An buɗe hanyar Lisbon ga gasa a 2008, kamfanin jirage na easyJet ya shigo, na Ryanair kuma ya kafa sansani a tsibirin a 2022. Kwanakin da baƙi ke yi a masaukai sun haura miliyan 10 a 2023, har gwamnatin yankin ta fara karɓar Yuro 3 daga waɗanda ba mazauna ba a kan hanyoyin tsaunuka, daga ƙarshen 2024 a wasu, sannan a dukkan hanyoyin da aka tantance daga Janairun 2025. Iskar da a 1990 za ta hana jirage 'yan ƙalilan sauka, yanzu dubban mutane take tsayarwa a yini guda, a tsibirin da otal-otal ɗinsa suka riga suka cika da waɗanda ya kamata su tafi su ba wasu wuri. Ko da ANAC ta amince da ƙarin mil 2 ko 3, ranakun da iskar arewa ke kai mil 30 ko 40 a kan titin suna nan a kowace shekara, kuma a irin waɗannan ranaku abin da zai rage wa fasinja wahala shi ne yawan jiragen da Porto Santo zai iya ɗauka, da jirgin ruwan da zai kwaso mutanen, da yarjejeniya a rubuce a kan wanda zai biya.